Hadarin da Muka Dafa a Quillan

Ranar Talata ce, goma sha biyu ga Agusta, shekarar 1884. Gari ya waye fari fat, babu gajimare ko na rantsuwa, kuma kwana goma sha ɗaya ke nan iska ba ta motsa ba. Fankar rijiyar da ke tsakiyar Quillan, wadda iska ke juyawa ta ja ruwa, tana tsaye kamar zane. Rijiyar kanta ta ƙafe tun Yuni.

Abin da ya rage mana shi ne babban tankin gari, ganga ɗari huɗu. Kawuna Hosea ne ke riƙe da mabuɗinsa. Kowa ya san dawakan ƙarfenmu ashirin da shida masu aiki da tururi, in har za su ja kekunanmu mil casa'in zuwa kogi, sai tukwanensu sun sha ganga ɗari uku. Saboda haka ko dai mu tashi da ruwan nan mu bar gonakinmu, ko mu ɗura shi a injin haɗa hadari na Madam Odalie.

Ni na kawo ta. Tun da na bar makaranta ina shekara goma sha biyu ban zauna wuri ɗaya ba. Na yi aikin zuba kwal a jirgin iska, na yi gyaran ƙafar doki a garuruwan masu haƙar azurfa, a can ne na ga injinta ya yi aiki sau biyu da idona. Tukunya ce mai girman coci a kan ƙafafu takwas, da dogon bututu. Tana dafa ruwa, ta harba tururin sama haɗe da garin gishiri, shi kuma ya janyo danshin da ke ɓoye a can, ganga ɗaya ta dawo dubu.

Da safen nan aka taru a coci. Madam gajeruwa ce, hannayenta duk tabon ƙuna. Ta cire lofe daga bakinta ta ce, "A kafa shi mil goma yamma da gari. Iskar ƙasar nan daga yamma take zuwa. Can za a dafa, nan zai zuba."

Yamma filin gidan Skaggs ne, waɗanda suka ja waya suka toshe mana hanyar shanu shekara shida da suka wuce. Su ma rijiyarsu ta ƙafe, amma ko gaisawa ba ma yi.

Dunmore, shugaban gari, ya miƙe. "Mu ɗauki ruwanmu mu kai wa Skaggs har gida, hula a hannu? Madam, ke kin ga iska a nan? Dubi gashin bakin Hosea, ya kai tsintsiya, ko sili ɗaya bai motsa ba."

Aka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

"In iskar ta yi shiru har la'asar, a kanku ruwan zai sauka," in ji ta. "In ta tashi, ni ba na umartar iska."

Kawu ya ce, "Yallaɓai, ruwan nan fa ƙafafunmu ne."

Dunmore ya ce, "Kai da ma tun da aka ba ka mabuɗin nan ka ɗauka matarka ce. Masu son a kafa shi nan cikin gari, a ɗaga hannu!"

Hannuna ne ya fara tashi. Da aka fito, Kawu ya danƙa mini mabuɗin. "Ungo, Ansel. Kai ka kawo baƙuwar, kai za ka shayar da ita. In ka ga abin da bai yi maka ba, ka rufe. Ba sai ka tambayi kowa ba."

Aka kafa injin a tsakiyar gari, aka hura wuta. Ni na hau saman tanki, inda famfon yake, da sandar awo a gefena. Babu wurin da ya kai nan tsayi a Quillan. Na murɗa, ruwa ya bi bututu, injin ya soma ruri har ƙasa tana rawa.

Kafin rana ta take, wani ɗan farin tabo ya bayyana daidai kanmu. Ya yi ta kumbura, cikinsa yana yin toka-toka. Mata suka fito da kwanoni da bahon wanki suka jera a titi. Wani ya ɗaga kai ya yi ihu, "Ansel ɗan gari! Ashe yawon nan naka ba na banza ba ne!"

A lokacin ne na ji wani ɗan sanyi a ƙeyata. Na waiwaya. Fankar rijiya ta gusa kaɗan, ta tsaya, ta sake gusawa. Na tsoma sanda. Saura ganga ɗari uku da goma. In na rufe yanzu, dawakai za su kai mu kogi.

Babu wanda ya ga fankar, duk idanu suna sama. Kawu ne kaɗai ya zo gindin tanki, ya kare ido da hannu.

"Ɗan nan! Yaya can sama?"

Hannuna yana kan famfon. Shekara takwas ina yawo ban taɓa dawowa gida da komai ba sai datti a riga, yau kuma ana kiran sunana a titi. Na ce wa kaina ai hucin injin ne yake kaɗa ta.

"Lafiya lau, Kawu!"

Ya ɗan jima yana kallona, sannan ya koma.

Da la'asar tankin ya fara amsa kuwwa in na buga shi. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, tsawa tana yawo a cikinsa, duhunsa ya rufe gari. Amma yanzu fankar tana juyawa da ƙarfi, tana kuka, kowa yana ji. Aka daina ihu. Hadarin ya soma tafiya gabas a hankali, kamar saniyar da ta tsinke igiya ba ta ma sani ba. Ɗigo kaɗan ya faɗa cikin kwanonin, ƙwas, ƙwas, shi ke nan.

Dunmore ya bi hadarin da gudu har bayan gari yana zaginsa. Daga saman tanki na ga inda ya zuba, can wajen mil ashirin, a kan fakon kanwa inda ko ciyawa ba ta fitowa, ruwan da ya taɓa wurin kuma ba ya shayuwa. Ya fi awa guda yana zuba. Ban taɓa ganin ruwa mai yawa haka ba.

Madam ta kashe wutar. Ita ma tukunyarta ta bushe, injin ba zai sake ɗaga ƙafa ba.

Ranar Alhamis muka kama hanyar kogi a ƙafa, mu ɗari da arba'in da uku, da abin da muka tatsa daga gindin tanki. Mun bar dawakan ƙarfe ashirin da shida, da injin, da gonaki talatin da ɗaya. Shanu saba'in ne suka mutu a hanya. Mutum ashirin da biyar ba su ga kogi ba: yara goma sha ɗaya, mata takwas, maza shida. Kawu Hosea a mil na sittin muka binne shi.