Lord Sugden Ya Miƙe

Ranar da mutanen mazaɓarsa suka kayar da Rupert Sugden, ya rantse ba zai sake roƙon ƙuri'ar kowa ba. Kuma bai sake ba. Firayim Minista abokin makarantarsa ne, sai kawai ya jefa shi majalisar dattawa, inda ba a zaɓe, kujera sai mutuwa. Aka yafa masa jar alkyabba, ya koma Lord Sugden, aka ɗora masa muƙamin ministan tashoshin jiragen ruwa. Aikin da aka san ya yi ɗaya ne: ya rufe tashar garinsu. Da abin ya yi wari, aka sauke shi, ya koma bencin baya yana cika yana batsewa.

Yau ga dama ta samu. Za a yi wa gwamnati garambawul, kuma maganar tashoshi ce a gaban majalisa.

"Rupert, yau ranarka ce," in ji Lord Tranter, abokin shan shayinsa. "Ɗan saƙon Firayim Minista na zaune a sama, wajen 'yan kallo. Ka ba su wuta, gobe ka koma ofis."

"Kai dai zuba ido, Hugh. Duk zauren nan wa ya san teku kamata?"

Teku! Mutumin da ko kwalekwale ya hau sai ya yi amai.

To, a zauren nan shugaba ba ya nuna wanda zai yi magana. In biyu suka miƙe tare, 'yan majalisa ne ke kiran sunan wanda suke son ji, ɗayan ya zauna da mutuncinsa. Sugden bai taɓa damuwa da wannan ba, don minista ba ya neman izini.

Ya gyara kwat ya miƙe. Can gefe ma wata ta miƙe da sandarta: Lady Ollerton, tsohuwar nas daga bakin teku, wadda bai taɓa amsa gaisuwarta ba.

"Ollerton!" in ji wani.

"Ollerton! Ollerton!"

Sugden ya ƙi zama. Ya waiwaya bencin jam'iyyarsa yana murmushin yaƙe, yana jiran ko mutum ɗaya ya kira shi. Tsofaffin da ke gyangyaɗi ma suka farka don su ce Ollerton. Kunya ta rufe shi, amma yana nan tsaye kamar turke. Da ya ɗaga kai sama, ɗan saƙon har ya tashi ya nufi ƙofa.

Tranter ya ja masa gefen kwat.

"Don Allah zauna, Rupert, kana ba mu kunya."

"Kai ma ba ka kira ni ba!" ya faɗa cikin raɗa.

"Yi haƙuri, mutumina," in ji Tranter. "Ni ma ita na zaɓa."