Kwanon Shurbar Wake

Na buɗe ƙofa ke nan zan fitar da shara, sai na ganta zaune a kan matakala, ta rungume kwanona a cinya, tana haki kamar wadda ta yi sa'ayi sau biyu a jere.

"Yaya Fatsuma, me ya sauko da ke?"

Ta ɗaga min hannu alamar in jira numfashinta ya dawo. Da ya dawo, sai ta miƙo min kwanon.

"Kwanonki."

Na ɗaga murfi. Masa ce guda shida, har lokacin tana tururi. Wato matar da likita ya ce kada ta tsaya a gaban murhu, kada ta taka matakala, ta tsaya ta soya masa, sannan ta lallaɓo ta sauko matakala goma sha takwas don ta kawo min. Raina ya ɓaci. Na ajiye sharar, na kama ta, muka koma sama a hankali, muna hutawa bayan kowane taki uku.

Shekara ashirin da shida muna gida ɗaya a unguwar Utaibiyya ta Makka, tsohon bene ne da ba shi da lif. Ni a hawa na farko, ita a saman kaina daidai. A duk shekarun nan akwai wani koren kwano mai murfi da ke hawa da sauka tsakaninmu. In na yi ɗanwake na zuba mata, ya dawo da dambu. In ta aiko da kunu, in mayar da sambusa. Haka muka tarar iyayenmu suna yi, ba a mayar wa maƙwabci kwanonsa wayam. Ban taɓa zaton wannan al'ada za ta zame min ciwon kai ba, sai da zuciyar Yaya Fatsuma ta fara gazawa a farkon Rajab, aka kwantar da ita mako guda, aka sallamo ta da jakar magani da dokoki.

Haifa ce ta jawo ni cikin maganar. Ita ce autarta, ita kaɗai ta rage a gidan, tana aikin karɓar baƙi a wani otal a unguwar Kudai daga safe har La'asar. Ta shigo min da wayarta a hannu, Hausarta rabi Larabci kamar ta duk yaran da muka haifa a nan. Hala take kirana, wato inna.

"Hala, duktur ya ce mamnu' nama, mamnu' mai, duk ya hana, gishiri kaɗan. Ummi kuma ta ƙi cin komai. Na samo wata shurba a waya, irin romo, ta mutanen Meksiko ce, ta lokacin sanyi. Minti ashirin kawai. Don Allah ki riƙa yi mata da rana, ni ina dawam, ina wurin aiki."

"Ina ne kuma Meksiko?"

"Nesa, Hala."

"Duk garin Makka an rasa abincin mara lafiya, sai an je nesa?"

Ta yi dariya ta nuna min hoton. Jan wake ne na gwangwani, da masara ita ma ta gwangwani, suna iyo a cikin ruwan tumatir. Na tambaye ta ina naman, ta ce ai daɗin abin ke nan, babu. Ni da na shekara talatin ina girki, ban taɓa kai wa mara lafiya abincin da ko ƙashi bai ratsa ba. Kuma wai don sanyi. Sanyin Makka da bai fi mako uku ba, wanda da an kashe na'urar sanyaya ɗaki kowa ya ɗauko rigar sanyi ya fara tari. Amma gaskiya a wannan shekarar ya ɗan taɓa, tayil ɗin ɗaki yana cizon ƙafa da asuba.

Na yi dai. Na soya albasa da tafarnuwa a ɗan man da bai cika cokali ba, na zuba kammun, wani kayan ƙamshi na nan, da garin barkono, na juye tumatir, na wanke waken har sau uku don ban yarda da ruwan gwangwani ba. Da ya tafasa na murƙushe rabin waken da bayan ludayi don ya yi kauri, wannan dabarata ce, ba ta cikin wayar Haifa. A ƙarshe na matsa lemun tsami, na yayyanka ganyen kuzbara a kai. Na ɗanɗana ina ɓata fuska, sai na ji abin bai kai munin da na so ya kai ba.

Yaya Fatsuma ta juya cokali a ciki, ta leƙa ƙasan kwanon.

"Rumasa'u, mahauta sun yi yaji ne?"

"Likita ne ya hana."

"Wannan miya ce ko romo? In miya ce ina tuwonta?"

"Ki sha dai, Yaya."

Tana mita tana sha, har ta suɗe cokali. Wannan ne abinci na farko da ta cinye tun da aka sallamo ta. Haifa ta gwada yi mata da kanta, ta ƙi, wai nata ruwa-ruwa ne. Ta sayo mata wasu abubuwan, ko kallo ba ta yi musu ba. Shurbar wake dai, kuma tawa. To ga inda na tsinci kaina: in ban aika ba, ba za ta ci abinci ba, in na aika, sai ta tashi ta cika kwanon ta sauko da shi.

Bayan ranar masa na zauna na yi mata magana ta hankali. Ta ce to. Washegari kwano ya sauko da alala.

Sai na ce bari in canza dabara. Na sayo robobin nan na yarwa, na zuba shurbar a ciki na kai mata, na ce in ta gama ta jefa a shara. Ta dubi robar, ta dube ni.

"A harabar Harami kika tsince ni?"

"Yaya, wace irin magana ce wannan?"

"Irin wannan robar ake raba sadaka da ita. Ni maƙwabciyarki ce."

Ba ta sha ba ranar. Da yamma na ji ƙwanƙwasa, na buɗe, ga ta jingine da bango, leɓenta ya yi duhu. Ta wanke robar tas, ta cika ta da gyaɗa soyayya. Na yi kwana biyu ina jin kunyar wannan roba.

Haifa ta ce ta san maganin abin. Ta kwance bututun tukunyar gas, ta tafi da shi a jakarta wurin aiki. Muka yi murna mu biyu kamar mun ci yaƙi. Washegari da hantsi ina ninke kaya, sai na ji rufin ɗakina yana amsawa, dum, dum, dum. Na tsaya na kasa kunne. Turmi ne. Ba ta da wuta, sai ta ɗauko taɓarya tana daka min yaji.

Ban san lokacin da na hau matakalar nan ba. Na same ta zaune a ƙasan kicin, turmi tsakanin ƙafafunta, gumi ya jiƙe mata ɗankwali, ƙafafun sun kumbura sun yi suntum. Na fizge taɓaryar.

"Kashe kanki kike so ki yi? In kin mutu a kan yaji, me zan ce wa Haifa? In ce shurbata ce ta kashe ki? Wallahi na gaji, Yaya. Na gaji da ke da kwanon nan gaba ɗaya."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta girme ni da kusan shekara ashirin, ita ta yi min wankan jego a haihuwata ta fari. Ta shiga share barkono daga yatsunta da gefen zane.

"Zauna," ta ce.

Na zauna a kan buhun shinkafa, zuciyata tana tafasa.

"Ina da shekara shida muka taso daga gida za mu zo Makka. Shekara uku muka yi a hanya kafin mu ga teku, rabinta a Sudan. Mutane sun ciyar da mu, ba zan ɓoye ba. Amma duk wanda ya miƙo mana ƙwarya, Innata sai ta sa wani abu a ciki kafin ta mayar. Ko tsamiya ce ta tsinto. Wata rana allura ta sa, ita kaɗai ke gare ta. Na tambaye ta dalili, ta ce don su san mutane suka ba, ba mabarata ba." Ta numfasa. "Yanzu Haifa ke min wanka. Magani sai an ƙirga min. Ɗan abin da ya rage min ke nan, Rumasa'u, shi ma kina so ki karɓe."

Tausayinta ya kama ni, haushin kuma bai tafi ba. Na tayar da ita na kai ta gado, na share kicin, na sauko da yajin da ba a gama dakawa ba, don ta rantse in ban ɗauka ba ita za ta kawo.

Kwana biyu ina tunani, sannan dabara ta zo min. Ranar Litinin na yi shurbar da ɗan yawa, na hau da cokali biyu.

"Yau a nan zan ci," na ce. "Gidan ya yi min shiru."

Ta matsa min a bakin gado. Iska mai sanyi tana shigowa ta tagar da ba ta rufuwa sosai, na ja mata bargo har ƙirji. Muka sa kwanon a tsakani muna sha. Ta ce yau lemun ya yi yawa. Na ce bai yi ba. Ta ce mutanen Meksikon nan ko dai talakawa ne, na ce ban sani ba, ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Ta ce ai suna zuwa Umra, ba ƙasar da ba a zuwa daga cikinta, in na gamu da su in gaya musu a riƙa sa daddawa. Ta sha fiye da rabi.

Da muka gama na shiga kicinta na wanke kwanon, na goge, na rufe, na dawo na ajiye shi a gefen gadon.

"Kin ga, ba aiko miki na yi ba," na ce. "Abincina na zo na ci a gidanki, zan koma da kwanona. Ba ki da abin mayarwa."

Ta daɗe tana kallona.

"Ke dai Rumasa'u, tun kina amarya kike da wayo."

Aka kira Azahar. Na shimfiɗa darduma a ɗakinta na yi salla, ita ta riga ta ce za ta yi tata a zaune in na fita. Na sallame, na ɗauki kwanona, na sauko ina jin daɗi a raina. Makonni uku tana wahalar da ni, yau na yi nasara. Na ɗora shi a kan firij, har na kira Haifa a waya na ba ta labari, ta ce, "Hala, ke ustaza ce."

Bayan La'asar na ji gudun Haifa a matakala. Ta dawo daga aiki ta tarar numfashin uwar yana sarƙewa. Motar asibiti ta kasa shigowa lungunmu saboda motocin da aka jera, sai a kan kujera maza huɗu suka sauko da Yaya Fatsuma. Da suka zo daidai ƙofata ta buɗe ido, na kama hannunta, yana da sanyi. 

Kwana uku ta yi a asibiti, a ɗakin da ba a barin kowa ya daɗe. Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abarsa. Aka yi mata salla a Harami bayan Azahar, maza suka wuce da ita maƙabarta, mu mata muka dawo gida.

Kafin Magariba ɗakinta ya cika da masu gaisuwa, takalma har kan matakala. Manyan farantan shinkafa da nama suna ta hawa daga gidajen maƙwabta. Na lura Haifa ba ta sa komai a bakinta ba tun jiya, duk wanda ya miƙa mata sai ta girgiza kai. Na tsuguna kusa da ita.

"Me za ki iya ci?"

Ta share ido da bakin mayafi. "Shurbar Ummi, Hala. In ba wahala."

Na sauko na ɗora tukunya. Ina yanka albasa ina kuka, ina kuma yi wa marigayiya faɗa a zuciyata, taurin kai, taurin kai har kabari. Abu ɗaya ne ya ɗan sanyaya min rai, cewa ko ba komai ranarta ta ƙarshe a gidan nan ba ta wahala saboda ni ba. Minti ashirin shurba ta yi. Na miƙa hannu kan firij na sauko da koren kwanon, na ɗaga murfi zan zuba.

Akwai abu a ciki, an naɗe shi da tishu, an dunƙule don kada ya yi motsi. Na warware. Ɓarin goro ne, da shatin farcenta inda ta raba shi, ya bushe ya yi ja.

Na kashe wutar. Na zauna a kan kujerar kicin da goron a tafin hannuna, shurbar tana hucewa a tukunya, ƙafafun masu gaisuwa suna ta kai da kawo a saman kaina.