Waken Zulai da Kifayen Mahaman

Bayan isha'i Malam Mahaman ya ji wani ƙara daga bayan rumbu, ƙwas, ƙwas, sai shiru, sai kuma ƙwas. Ya yi zaton bushiya ce ta faɗa cikin kwano. Ya ɗauki tocila ya zagaya, sai ya tarar da jikarsa Zulai durƙushe, tana huda gindin gwangwanin tumatir da ƙusa da dutse.

"Uwargida, ƙira kika koma?"

Ba ta rama ba, ita da kullum take ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Sai hawaye. Da ƙyar ta faɗa masa: kwana goma ke nan da malaminsu na lekol, makarantar boko, wanda suke kira Mushe Abdul Aziz, ya ba kowa ƙwayar wake ya shuka a gwangwani, kullum ya zana tsiron a kaye, littafinsu na rubutu. Ita ranar farko ta ce sai gobe, gobe ta zo aka yi suna a maƙwabta, daga nan ko ta tuna sai ta kau da kai. Ga shi gobe ake kaiwa, waken na ƙulle a bakin zanenta.

"Kaka, in na zuba ruwan ɗumi zai fito kafin safe?"

"Wake ba ya jin lallashi."

"To ni ba za ni lekol ba. Kowa da ganye huɗu, ni da ƙasa."

Mahaman ya zauna a kan turmi. Maganar nan ya santa, don da bakinsa ya taɓa faɗinta. Shekara hamsin da ɗoriya da suka wuce, malaminsu Mushe Haruna, mai keke da farin wando, ya ce su rubuto sunayen kifayen tafkin Madarunfa guda goma. Aiki mai sauƙi ga ɗan da ya tashi a bakin ruwa. Sauƙin ne ma ya cuce shi. Ya yi ta cewa gobe, yana bin jiragen masunta, yana kallon shamuwa, har Litinin ta zo. Da ya ji an buga ƙarfen shiga aji, kunya ta juya masa ƙafa zuwa tafki. Talata kunyar ta ninka. Daga nan bai ƙara komawa lekol ba. Har yau in ya ji warin alli sai ya ga bencinsa na kusa da taga, inda inuwar itacen bedi take faɗowa.

Ya shiga ɗaki ya buɗe akwati, ya fito da kayensa na wancan lokaci, ganyensa sun yi ja. Kwanan wata na sama, ƙasa lamba ɗaya zuwa goma, babu komai gabansu.

"Shuka wakenki, ki zana gwangwanin yadda yake, ki rubuta rana ta ɗaya. Ba ni aron bik in yi rubutu."

"Za a yi mini dariya."

"Za a yi. Kafin azahar sun gaji."

Suka zauna tocila a tsakaninsu. Shi yana jan bik kamar mai jan guga: tarwaɗa, karfasa, gaiwa, ƙurungu. A na bakwai ya tsaya, don akwai wani kifi mai jan wutsiya da ya daina gani tun yana saurayi, sunan ya ƙi zuwa. Zulai ta leƙo ta ce rubutunsa kamar sawun kaji. Ya ji daɗi, bakinta ya dawo.

Da safe suka fito, ita rungume da gwangwanin ƙasa, shi da kaye a hammata. A kwanar masallaci ta rage tafiya, ya riƙe hannunta, ta ci gaba.

Maƙwabciyarsu Ɗelu tana shara a ƙofar gida. Ta tambayi ina zuwa, Zulai ta ce Kaka zai kai aikinsa na gida lekol. Ɗelu ta miƙe, tsintsiya a hannu, ta bi su da kallo.

"Mahaman, Mushe Haruna fa ya daɗe da rasuwa. Wa zai duba maka?"