Rumfar Hajiya Kubra

A kudancin Alshajara, inda kwalta ta gaji ta tsaya, akwai wata unguwa da masu motar haya ke kira Ma'ashat, wato 'yan fansho. Ba shi ne sunanta a wajen hukuma ba, amma ka faɗa wa kowane direba a kasuwar Suk al-Arabi ta Khartoum zai kai ka, ya kuma rage rediyo kafin ya shiga. Mazaunanta tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa ne da malaman makaranta, sai waɗanda sojoji suka sallama daga aiki da suka hau mulki, wai don amfanin jama'a. 'Yan samarin da suka rage, asuba ke kwashe su zuwa cikin Khartoum, magariba ta dawo da su a galabaice. Duk wanda ya yi aure kuwa tattarawa yake ya bar unguwar. Kai, an daɗe rabon da a ji kukan jariri a wurin.

Abin da ke cin ran Hajiya Kubra ke nan. Ɗanta ɗaya, Tariq, ya auri wata yarinyar Omdurman mai suna Safa, Hajiya kuma tun rasuwar mijinta Ilyasu take tsoron ranar da za ta wayi gari ita kaɗai a gidan nan. Ta gyara musu ɗakuna biyu a tsakar gida, har da fenti. Amma iyayen Safa ma sun ware musu ɗaki a can, a gidan da ba ka jin maganar kanka don jama'a.

"Yumma," in ji Tariq, don haka yake kiran uwarsa, yana sosa ƙeya, "Safa ta ce unguwarmu kamar asibiti, sai dai babu likita. Amma ta yarda ta zo da kayanta ranar walima. In ta ga da rai a wurin, mu zauna."

"Da rai?" in ji Hajiya. "To za ta ga rai har ta gaji."

Kiɗa a zamanin nan sai da izini, izini kuma sai da hannun shugaban lajna, kwamitin unguwa da sojoji suka kafa. Shugaban shi ne Alhaji Badaru, mutumin da duk alfaharinsa a duniya shi ne motar jami'an tsaro ba ta taɓa shiga Ma'ashat ba. Me za ta zo yi? Ya saurare ta, ya shafa gemun da ya fara tarawa shekarar juyin mulki.

"Hajiya, ba a hana farin ciki ba, tsara shi aka yi. Ku yi daga hantsi zuwa azahar. Bayan abincin rana kin san halin da ake ciki."

Ta sani mana. Daga an ci abinci zuwa la'asar unguwar gaba ɗaya barci take, barcin da ya fi dokar ta-ɓaci ƙarfi.

Ranar walima da sassafe aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujeru. To, nan gizo ke saƙar. A Ma'ashat ba a kafa rumfa sai don abu ɗaya. Hajiya na cikin gida tana kan tukwane ta ji takun sanduna. Da ta leƙo, sai ga tsofaffi a jere, kowa ya ɗaga tafukansa kamar yadda ake yi wajen ta'aziyya.

"Al-Fatiha," in ji na gaba.

"Wa ya rasu ne?" na bayansa ya tambaya.

"Ilyasu, ina ji."

"Haba, Ilyasu tun bara waccan. Da kai aka kai shi."

"To Allah ya ƙara jiƙansa."

Matan kuma suka shigo da fararen mayafai irin na zaman makoki, ba lalle ba turare. Wata ma tun daga soro ta fara kuka, da ta ga Hajiya a tsaye da ludayi ta tsaya cak, don ta zata ita ce ta rasu.

Ran Hajiya ya ɓaci ƙwarai. "Gida gida na bi na gaya muku biki ne. Biki. Ɗana ne ya yi aure."

Suka ba ta haƙuri, suka ce lallai an faɗa, tsufa ne. Ta kore su su sake kaya. Suka tafi suka dawo, yawancinsu da kayan ɗazu, suka zauna layi layi suna kurɓar shayi, murya ƙasa ƙasa. Ba mugunta ba ce, wallahi, zaman rumfar da suka iya ke nan. Ko da Tariq ya fito cikin farar jallabiya yana gaisawa, wani tsoho ya riƙe hannunsa ya dubi na kusa ya ce, "Yaro ne mai ladabi. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba." Sauran suka girgiza kai cikin jimami.

Hajiya ta ce a ranta, bari dai mutanen Omdurman su iso. Gwaggon amarya, Sittana, ta yi alkawarin zuwa da dalluka, gangar da mata ke bugawa a biki, kuma an ce in Sittana ta ɗora hannu a kanta ko gurgu sai ya motsa kafaɗa.

Hantsi ya wuce, babu su. Aka kira azahar, babu su. Ashe an rufe gadar da ke tsakanin Omdurman da Khartoum, ana jerin gwanon nuna goyon baya ga gwamnati, an kwaso ma'aikata da 'yan makaranta a manyan motoci su zo su nuna shi da son ransu. Dole aka ba baƙi abinci. Suka ci, suka wanke hannu, suka yi hamdala, sai kawuna suka fara lanƙwasa. Kafin wani lokaci rumfar ta cika da minshari, Alhaji Badaru ya saki baki, sandarsa a kan cinya.

Hajiya tun kafin asuba take tsaye. Ƙafafunta sun kumbura. Ta shiga ɗaki ta ce bari ta miƙe bayanta a kan gado kaɗan, ba barci za ta yi ba, Allah ya kiyaye.

Ba ta ji shigowar motar fasinjan ba, ba ta ji a-kori-kurar da ta ɗauko kayan amarya ba. Matan Omdurman suka sauko da ƙamshi da gwala-gwalai, suka ga rumfa cike da masu barci, suka yi dariya. Sittana ta ce ai maganin wannan a hannunta yake. Ta tsaya a tsakar gida, daidai tagar Hajiya, ta daki dalluka, mata suka saki guɗa.

Hajiya Kubra ta zabura, ido a rufe, kai na sarawa. Bakinta ya riga hankalinta farkawa. Ta banko taga.

"Waɗanne marasa tarbiyya ne? Ba ku san mutane na barci ba?"

Dalluka ta tsaya. Guɗar ta mutu a maƙogwaro. Sai a lokacin idonta ya washe, ta ga Sittana da hannu a sama, ta ga Tariq, ta ga Safa cikin jan mayafi da lalle har gwiwar hannu, tana dubanta. Ba fushi a fuskar yarinyar. Kallon tausayi ne, kuma shi ya fi yi wa Hajiya ciwo.

"A'a, ku ci gaba," ta ce. "Sittana, don Allah ki buga. Ban san ku ba ne."

Sittana ta ɗan taɓa fatar gangar da yatsu biyu, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar marar lafiya. Babu wadda ta yi rawa.

Alhaji Badaru, da hayaniyar ta tashe shi, ya dogara sanda ya zo bakin soro. "Allah ya yi miki albarka, Hajiya. Da ma na ce ke tamu ce."

Safa ta zo ta durƙusa ta gaishe ta da ladabi, ta sumbaci kanta, ta ce ta koma ta huta, ta sha wahala yau. Sannan ta matsa kusa da Tariq ta yi masa magana a kunne. Hajiya ba ta ji me ta ce ba, amma ta ga ɗanta ya fita waje, ta ga ya ɗaga wa masu kwance igiyar kaya hannu, ta ga sun mai da ƙullin.

Bayan la'asar baƙin suka yi sallama. Hajiya ta tsaya a ƙofar gida tana kallon gado da katifa da madubi a bayan a-kori-kura. Rabin rumfar har yanzu barci yake. Direban, mutum mai hankali, ya ji abin da ya faru ɗazu, don haka bai tayar da injin ba. Shi da Tariq da wasu maza biyu suka sa kafaɗa suka tura motar, shiru, har ƙarshen layi.