Alimun a Ruwan Kifin Bernard

Tun da Bernard ya yi ritaya daga koyarwa, bakinsa ya mutu. Sai ya wuni a falo bai ce uffan ba. Matarsa Jemimah ta yi addu'a, ta yi mita, duk a banza. Abin da ya dawo masa da magana shi ne wani ƙaton akwatin gilashi na kiwon kifi da Uzodinma, mai yankan gilashi a Sabon Gari, ya haɗa masa. A bayan a-kori-kura aka kawo shi Samaru, sai da ƙarti suka yi nishi kafin ya shige ƙofa.

Kifayen kuma ba na miya ba ne. Jajaye ne 'yan mitsi-mitsi, sai wani baƙi mai manna baki a jikin gilashi, wanda Bernard ya fi ji da shi. Jemimah ta ce almubazzaranci ne, amma da ya fita sai ta jawo kujera ta zuba ido. Matatar da ke gefe ce ta fi ɗaure mata kai: ɗan inji ya zuƙo ruwa, ya bi da shi ta cikin soso da tsakuwa, ya mayar. Soson ya yi dauɗa, wai kuma kada a wanke.

"Akwai wasu halittu a cikinsa da ido ba ya gani," in ji Bernard. "Su ke cinye dattin kifin. Sai sun yi yawa ruwan zai washe, Maman Wisdom."

Ita dai ba ta taɓa jin inda dauɗa ke wanke ruwa ba. Ga ruwan ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa, ga 'yan zumuntar mata za su taru a gidanta ranar Asabar. Ita da ake kwatance da tsaftarta a coci?

Ran Asabar da safe Bernard ya tafi kasuwa sayo abincin kifi. Jemimah ta ɗauko alimun ɗin da take jefawa a randa in rijiya ta gurɓace da damina, ta gutsuro mai kauri, ta jefa a ruwan kifin, ta tsaya ta ga ikon Allah. A hankali farin ya dunƙule ya kwanta ƙasa, ruwa ya yi garau. Har ta fara murmushi, sai ta ga jajayen sun taso sama suna buɗe baki.

Ta ɗebo ruwan duron da Bernard ke ajiye wa kifayen, ta cika kwanukan da take fitar wa baƙi, ta shiga kamun kifi da rariya. Haka matan zumunta suka same ta, zani a jiƙe. Jajayen sun tsira. Baƙin kifin kuwa a ƙarƙashin dutse ta tsinto shi, ya riga ya sanƙare.

Da Bernard ya dawo, ta faɗa masa komai. Ya ɗora kifin a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallonsa. Ba faɗa take tsoro ba, shirun nan take tsoro.

"Kamar yaya girman alimun ɗin?" ya tambaya daga ƙarshe.

Ta nuna masa kan babban yatsanta.

"Ɗauko ragowar, ki kawo bokiti. Mu gwada inda ba kifi, ki nuna mini yadda ya dunƙule."

Ta nufi kicin da sauri, hawaye na zubo mata, tana jin muryarsa a baya yana yi wa matan bayanin soson.