Ɗorin Baba Mati

A kan tabarmar kaba aka jera su a ƙofar gidan mai gari a Ruma, ƙasusuwan mutum biyar da manoma suka tono a bakin daji. Mu matan da ɓarayin daji suka ɗauke wa maza muka tsaya gefe. Ni ban yi kuka ba. Shekara biyu da ɗauke mijina Tayyib, hawayen sun ƙafe.

Baba Mati maɗori aka kira, don duk mai karaya a yankin nan ta hannunsa ya bi. Ya durƙusa ya ware ƙasusuwan hannu. Igiyar da aka ɗaure su da ita tana nan da ƙullinta.

"Turai, wane hannu na ɗora wa mijinki?"

"Na dama, Baba. Shekarar da jaki ya kayar da shi a hanyar Wagini."

"Na tuna. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ƙashi biyu ne. Nasa na ɓangaren babban yatsa ne ya karye. Inda ya haɗe za a ji tudu kamar gaɓar kara."

Wallahi addu'a nake yi a same shi a ciki, Allah Ya yafe mini. Liman ya ce babu takaba sai an tabbatar da mutuwa. Ga ni nan dai, ba miji, ba takaba.

* * *

Ya runtse ido yana shafa su ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu ya tsaya.

"Wannan ɗorina ne."

Na matsa gaba.

"Na hagu ne, ɓangaren ƙaramin yatsa. Salmanu mahauci ne. Muhsina, sai haƙuri."

Muhsina matarsa ta zube tana salati, mata suka rufe ta. Ƙyashi na ji, ba zan ɓoye ba. Wata huɗu da kwana goma, ita ta gama.

Na biyar kuwa sumul yake, bai taɓa karyewa ba.

* * *

Bayan an binne ƙasusuwan, Baba Mati ya same ni a gindin itacen bedi yana goge hannu da bakin riga.

"Damina ta kusa, 'yata. In garma ta sake tono wasu, zan aiko miki."

"To, Baba," na ce. "Na dama ne, kada ka manta."