Littafi Mara Hoto

Sallau ya buga littafin a kan teburin har alƙaluman da ke jere a gefe suka watse ƙasa.

"Ni za ka cuta? Don ka ga ban yi lakwal ba?"

Malam Abdurrahaman, dattijon da ke sayar da littattafai a bakin kasuwar Konni, ya ɗago kai ya dube shi, sannan ya dubi yarinyar da ke raɓe a bayansa tana murza bakin hijabi. Ya gane shi. Mutumin ƙauyen Bazaga ne mai amalanken jaki, wanda ya zo kasuwar da ta wuce yana ta cika baki da ɗiyarsa.

Kuma dai Sallau ya cika bakin, ba ƙarya. Tun da ya sa ɗiyar tasa Mubaraka lakwal, wato makarantar boko, bai bar kowa ya huta ba. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ce ta ɗauko littattafan da ake ba su masu hotuna. Ta buɗe, ta dubi shafi, ta zubo Faransanci ratata, sannan ta fassara: ga kura ta shiga rijiya, ga zomo yana dariya. Shi kuma yana gyaɗa kai yana kallon maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Wansa Habibullahi ya sha ce masa ya cire ta ta riƙa kai awaki kiwo, ya ƙi. Shi yake zuwa yankan ciyawa da kansa bayan ya dawo daga dako, don kada karatunta ya tsaya.

Da ta shiga aji huɗu sai ya ga ai ta wuce littafin zomo da kura. Shi ne ya zo ya ce a ba shi na manyan yara, mai rubutu zalla. Malam Abdurrahaman ya ba shi wani labari mai babi-babi, ya ce yana da ci gaba, in ta gama wannan akwai na biyu da na uku.

"Na tara mutane!" Sallau ya ɗaga murya, har masu sayar da albasa suka juyo. "Na tara mutane a ƙofar gidana, na ba ta littafin nan, ta buɗe ta yi shiru. Ashe Ingilishi ka ba ni! Kayan Nijeriya! Yayana ya yi mini dariya har da riƙe ciki. Ita da Faransanci ake koya musu, mi za ta yi da Ingilishi?"

"Wa ya ce maka Ingilishi ne?"

"Ita ta faɗa! Ita da ta iya karatu!"

Dattijon ya ɗauki littafin ya kaɗe shi. A Konni kam, garin bakin iyaka, irin wannan kuskure ba abin mamaki ba ne, kayan Nijeriya da na nan duk a buhu ɗaya suke zuwa. Ya buɗe, ya duba, ya sake dubawa.

"Malam Sallau, wannan Faransanci ne."

"Ƙarya kake! In ka karanta mini ƙarya ma ina zan sani?"

Idon Sallau ya rufe. Ya fizge littafin, ya tare wani jandarma da ke wucewa da ledar tumatir a hannu, ya ce don Allah ranka ya daɗe a duba masa. Jandarman ya leƙa shafin farko, ya karanta layi guda a bayyane, ya miƙa masa abinsa.

"Faransanci ne tsantsa, baba. Labarin wata yarinya ce da raƙuminta." Ya yi gaba.

Sallau ya tsaya da littafi a hannu. Sai ya juya a hankali.

"Mubaraka."

Ta yi tsuru-tsuru.

"Karanta mini nan." Ya dangwala yatsa a tsakiyar shafi.

Leɓɓanta suka motsa, babu abin da ya fito. Hawaye suka fara zuba.

"Baba, ba hoto."

"Ba hoto sai mi?"

"In na ga hoton ne nake tuna abin da mushe, malaminmu, ya faɗa. Shi yake karantawa, mu muna maimaitawa. Mun yi yawa, ni a baya nake zama."

Wallahi da mari aka zabga wa Sallau da ya fi masa sauƙi. Duk tabarmar nan da ya yi ta shimfiɗawa, duk ciyawar da ya yanka da duhun magariba yana tuntuɓe, ashe waƙa ake rera masa! Shi kuma yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ransa ya ɓaci iyakar ɓaci, ya rasa ma wanda zai fara da shi, ita, ko malamin nasu, ko Habibullahi da gaskiyarsa ta fito.

"Shekara huɗu kina mayar da ni sakarai a gaban mutane! Sannan ki ƙulla wa dattijo ƙarya, ki sa na zo na zage shi a kasuwa! To an gama. Lakwal ɗin ta ƙare. Gobe da safe ki kwance awaki."

Ta durƙushe a wurin tana kuka. Ya cafko hannunta zai ja ta wajen amalanke.

"Dakata mana," in ji Malam Abdurrahaman. "Zagin da ka yi mini na yafe, amma ka tsaya. Ni ma na yi gaggawa, na ba ka na manya ban ga yarinyar ba. Littattafan nan hawa-hawa ne."

Ya sunkuya ya jawo wani kwali, ya zaro 'yan sirara guda biyar masu bango iri ɗaya. Baƙaƙen manya-manya ne, layi kaɗan a shafi. Ya ce na farko hoto ɗaya ne a kowane babi, suna tafiya hoton yana raguwa, na ƙarshe babu ko ɗaya.

"Kada ka sake nuna mini hoto!" Sallau ya daka masa tsawa. "Hoto ne ya kai mu nan!"

Dattijon bai kula shi ba. Ya buɗe na farkon a kan tebur. "Taso, ɗiyata. Gwada."

Mubaraka ta miƙe tana shessheƙa. Idonta ya faɗa kan hoton, wata mata ce da tulu a ka. Nan take muryar nan ta ƙofar gida ta dawo mata, ta fara rero wani abu da sauri-sauri.

Sallau ya kifa tafin hannunsa a kan hoton. Hannun ya rufe shi ruf.

"Ban da waƙa. Abin da ke rubuce."

Ta sake duban baƙaƙen. Jakin ya yi kuka can a bakin hanya, babu wanda ya waiwaya. Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin baƙin farko, ta kira sunansa. Ta matsa na biyu, ta tsaya, ta koma baya, ta haɗa su. Gumi ya keto mata. Ta daɗe tana fama kafin kalmar ta fito, 'yar guntuwa, a karkace.

Sallau bai san ko daidai ba ne. Ya ɗaga ido ya dubi mutumin da ya gama zagi.

Malam Abdurrahaman ya gyaɗa kai.

Sallau ya mayar da ido kan shafin. Fuskarsa tana nan a murtuke, hannunsa bai motsa daga kan hoton ba.

"Ta gaba," ya ce.